Kafin Cokali Ya Taɓa Romo

A gidan kakata Leokadia, hawa na uku, a Sandomierz,
ba a ɗaga cokali sai ta yi magana.
Romon kazar Lahadi ya yi ta tururi,
siririyar taliya ta kumbura a gindin kwano,
kowa hannunsa a gefen faranti
har sai ta goge yatsu, ta ja kujera,
ta dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga 'yan tsaki,
ta ce: Smacznego.

Shekarata tara. Ni ce tafinta.
An dasa ni tsakaninta da babana Rowland,
direban bas daga Grimsby,
wanda ya auri uwata ya kasa auren harshenta.
Ya sunkuyo: Jagoda, me ta ce?

Ta ce mai daɗi.
Mene ne mai daɗin?
Ba a ƙarasawa, Baba.
Rabin zance ne, sauran yana cikin kwano.

Kaka ta zunguri haƙarƙarina:
to, su can me suke cewa?

Na shiga Turancina
kamar mai neman gishiri a kicin ɗin wani,
na buɗe wannan gwangwani, na rufe wancan.
Akwai wadda suka aro wurin Faransawa ba su mayar ba,
ba sa faɗinta sai da 'yar dariyar kunya.
Akwai enjoy ta masu kawo abinci a otal,
da suke jefowa sun riga sun ba ka baya.
Baba ya ce: gaya mata dig in.

Na gaya mata. Na ce, wai a haƙa.
Matar da ta yi shekara arba'in tana haƙar dankali
har ƙasa ta yi gida a faratanta
ta ajiye ludayi a hankali.
Romona ne gona?
Ki tambaye shi ko in kawo masa shebur.
Ban fassara ba. Na ce, ta ce ka ƙara burodi.

Da aka miƙo kifi mai tsami da albasa
Baba ya kira shi starter,
sunan abin da ke tayar da injin bas ɗinsa da asuba.
Kaka ta ce przystawka,
abin da ake jinginawa a gefe ya taya babban kwano zama.
Shi yana so a tashi a kama hanya,
ita tana so a matso kusa.
Ni a tsakiya ina cin kokwamba.

Shekara goma sha ɗaya yana kokawa da kalmar.
Ya rubuta ta a bayan tikiti,
yana bitarta idan danja ta tsayar da shi.
Kullum harshensa sai ya yi tuntuɓe a tsakiya,
wurin da baƙaƙe uku suka cunkushe ba wasali,
kullum Kaka sai ta girgiza kai, ta ƙara masa romo.

Sai hunturun da ciwo ya shanye mata ɓarin dama,
ya kwashe kalmominta kamar an share tebur.
Uwata ta yi girkin. Muka zauna.
Agogon bango yana ta aikinsa.
Mai ya fara daskarewa a saman romo, ido-ido,
babu wanda ya motsa,
duk muna kallon bakin da ba zai buɗe ba.

Baba ya yi gyaran murya.
Ya dafa tebur kamar zai sha kwana mai wuya,
ya ce: Smacznego.
Tsaf, ko gargada babu.

Kaka ta daɗe tana kallonsa da idon da ya rage mata.
Gefen leɓenta ya yi rawa, ya tsaya, ya sake.
Na matsa kunnena don in fassara,
ashe ba a bukatata.

Digin, in ji ta.

Muka haƙa.